Musayar Waƙa: Sammai Bakwai da Abin da ke Bisansu

Ɗan Zaure:
Bismillahi. Amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya ɗora daga inda na tsaya.

Da sunan Ta'ala gwanin ƙaga sammai,
Bakwai babu turke da ke tallafawa.
Daren Mi'iraji Buraƙa ta ɗauko
Ma'aiki, da Jibrilu sun zo wucewa.
A farko uban 'yan Adam yai maraba,
Sa'annan wurin Isa, Yahya, tsayawa.

Inna Mai Tasbaha:
Ta uku ta Yusufu, rabin kyau gare shi,
Ta huɗu ta Idrisu mai ɗaukakuwa.
Haruna ta biyar, ta shida ko Musa,
Ya yi kuka, jama'armu za ta fi yawa.
Halilu a ta bakwai ya jingina baya
Da Baitul Ma'amuri, gidan kewayawa.

Mala'iku dubu 70 ke shiga ɗakin nan kullum, kuma waɗanda suka shiga ba sa sake dawowa. Subhanallahi.

Sarkin Ƙafiya:
Inna, kin ƙirga sammai kamar mai bitar allo,
Ni can nake so, inda ba tsufa ba mutuwa.
Ƙofofi takwas, Rayyanu ta masu azumi,
Daraja ɗari, Firdausi ce ƙololuwa.
Kogin ruwa, na madara, na zuma tatacciya,
Da giyar da ba ta sa maye, balle faɗuwa.

Faƙiri:
Sarki, cikinka ka tura gaba, ruhinka na baya,
Duk burinka a Aljanna ci da sha da lashewa.
Rabi'atu ta Basra ba don zuma tai bauta ba,
Ba tsoron wuta ba, ƙauna ke ingizawa.
Akwai ƙari bisa kyakkyawan sakamako,
Ganin Ubangiji ne, ran da hijabi ke yayewa.

Ɗan Zaure:
Allah ya ƙara buɗi, Faƙiri! Ranka ya daɗe Sarki, a sauke rawanin nan haka.

Bintu Ƙanwar Sarki:
Haba Yaya Ɗan Zaure, kai da ka buɗe fili ai alƙali ne, amma kullum a layin 'yan zikiri kake zama. Ko tari Faƙiri ya yi sai ka ce fasaha ce.

Sarkin Ƙafiya:
Faƙiri, ka fi Annabi sanin abin roƙo ne?
Shi ya ce Firdausi ce abar roƙawa.
Al'arshi na bisanta, daga nan koguna ke ɓulɓulowa,
Mai son kusanci ai can ne wurin kusantawa.
Kai da ke rena kogin zuma a cikin baiti,
In an buɗe kwano kai ne farkon miƙewa.

Bintu Ƙanwar Sarki:
Yawwa! Ɗan Zaure, ina tafin? Ko hannun ya yi sanyi?

Malam Aruli:
Ku dakata tukuna. Ɗan Zaure ya buɗe da karin waƙa na Mutaƙarab, ma'aunin fa'ulun sau huɗu, gaɓa 12 a kowane ɗango, wato layi. Ɗangon farko na Faƙiri gaɓa 16 ne, na ƙirga da yatsa. Sarki ma bai tsira ba, ɗangonsa na uku a zubinsa na biyu ya yi jela har ƙasa, ga shi ya cusa amsa-amo inda ba muhallinsa ba. Wannan ba waƙa ba ce, zance ne aka liƙa masa "wa" a wutsiya.

Faƙiri:
Malam, arulinka iyakarsa Sidratul Muntaha,
Can ilmin halitta ke zuwa ya yi tsayuwa.
Abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba,
Da wane fa'ulun za ka yi masa aunawa?

Ɗan Zaure:
Kai! Wannan ta shiga.

Malam Aruli:
Ta shiga ina? Ga yadda ake yi:

Faƙiri, Gwanin nan da yaj jera sammai,
Da mizani yai su, bila karkacewa.
Idan za ka waƙe su, auna kalamai,
Ƙafar nan ta gurgunce, ba ta hayewa.

Bintu Ƙanwar Sarki:
Malam, baitin ya zauna, ba musu. Amma me ya sa ba ka taɓa na Inna ba? Nata ma ai ya yi ɗingishi tun daga sama ta uku. Ko girma ne ya hana?

Sarkin Ƙafiya:
Duk wannan hayaniyar rufa wa Faƙiri asiri take yi. Na tambaye shi Firdausi, ya haye Magarya, wato Sidratul Muntaha, ya ɓuya. Ina amsata?

Faƙiri:
Tana tafe, Sarki. Ba na amsa waƙa da ciki.

Inna Mai Tasbaha:
Sai yanzu na dawo na tarar an baro sammai ana ƙirgar gaɓa. Bintu, na ji ki.

Ɗana Aruli, Musa ya ce a koma a roƙi sauƙi,
Hamsin ta dawo biyar, ladan babu raguwa.
In Mai sammai ya rage wa bayinsa nauyi,
Kai wane ne da ba ka yi wa ɗango rangwantawa?

Malam Aruli:
Allah ya ƙara girma, Inna, hujja ta yi. Amma ɗangonki na biyu gaɓa 14 ne.