Me ya sa ruwan randa yake sanyi a bazara amma ba ya yi da damina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Randa ɗaya, wuri ɗaya: a watan Afrilu ruwanta da sanyi sosai, amma a Agusta kusan ɗaya yake da na jarka, alhali bazara ta fi zafi. Mene ne dalili? Kuma gaskiya ne tsohuwar randa ba ta kai sabuwa sanyaya ruwa ba?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. Randa ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi take fitarwa daga ruwan. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa yake tsattsafowa zuwa bayan randar. Ƙwayoyin ruwa kullum cikin motsi suke, kuma gudunsu ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka fi gudu su ne suke kuɓucewa su shiga iska a matsayin tururi, su bar masu sanyin gudu a baya. Zafin da ma'auni yake nunawa kuwa matsakaicin ƙarfin wannan motsin ne, don haka da masu gudu sun tafi sai ya sauka. Haka zufa take yi wa jikin mutum.

Ga lissafi. Kafin kilo ɗaya na ruwa, wato lita ɗaya, ya zama tururi a zafin ɗaki, yana ɗauke kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'auni ne na yawan zafin da abu ya ɗauka ko ya saki). Sauke zafin lita ɗaya da digiri ɗaya kuma yana buƙatar cire kilojul 4.2 kacal. Ke nan a randa mai lita 20, idan mililita 100 kawai ta bushe, ba ta ma kai rabin kofin shayi ba, ta ɗauke kilojul 240, wanda ya isa ya sauke ruwan da kusan digiri 3. A aikace ba ya kaiwa haka cif, saboda iska mai zafi tana mayar da wani zafin ta jikin randar.

Batun damina kuwa, iska ce ta ƙoshi da laima. Ƙwayoyin da suke dawowa daga iska zuwa jikin randa sun kusa yawan masu fita, sai bushewar ta ragu. Akwai iyakar da sanyin ba ya wucewa: idan zafi digiri 40 ne, laima kashi 15 cikin ɗari, iyakar tana wajen digiri 21. Idan zafi 30 ne, laima kashi 80, iyakar tana wajen 27. Digiri uku ne kawai tsakanin 30 da 27, bambancin ba shi da yawa.

Mai sana'ar tukwane: Malam ya gama bayani, saura na tsohuwar randa, kuma gaskiya ne. Ruwan da yake bushewa a bayanta yana barin gishirin da ke cikinsa, musamman ruwan rijiya da na burtsatse. Wannan farin da ake gani a jiki shi ne, da shi da gansakuka su suke toshe ƙofofin. A zubar da ruwan, a goge ciki da waje da soso mai kaushi ko yashi mai laushi, ban da sabulu, domin yumɓu yana shan sa ya ɓata ɗanɗanon ruwa. A shanya ta yini guda. Idan an cika ta bayan haka kuma bayanta bai yi danshi ba, ta gama aiki, sai sabuwa.

Kuskuren da ya fi yawa: shafa mata fenti ko siminti don kada ta yi naso. Nason nan shi ne aikin. A ajiye ta a inuwa inda iska take wucewa, a ɗaga ta kan mazauni, kada a cusa ta lungu. A rufe bakin da faifai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To jarka fa, ba dabara?

Malamin kimiyya: Akwai. Roba ba ta tsattsafo, sai a yi mata ta waje: a naɗe ta da buhun algarara ko tsumma mai kauri, a jiƙa, a rataye a inuwa. Ba za ta kamo randa ba, don roba ba ta saurin miƙa zafi daga ciki zuwa waje, amma za a ji bambanci.

A kan wannan ƙa'ida ce marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, har ya samu kyautar karramawa ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir, tattasai, yalo da alayyafo suna ƙara kwanaki a ciki.

Mai sana'ar tukwane: Amma kada a saka nama ko madara, Malam. Su sai ƙasa da digiri 5, tukunyar kuwa ba ta iya riƙe irin wannan sanyin. Albasa da tafarnuwa ma a bar su waje, danshin ciki ruɓar da su yake yi. Idan babbar tukunyar tana da rami a gindi, a toshe shi kafin a zuba yashi, in ba haka ba ruwan zai tsiyaye ƙasa maimakon ya bi ta jikinta.