Shokazoba ko birki: da wanne zan fara kafin in shiga filin tsere?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Ina da Toyota GT86 ƙirar 2013 mai giyar hannu, ban sauya mata komai ba tun da na saye ta. Na yi rajistar tuƙi a filin tsere a wata mai zuwa, kuma wannan ne karona na farko. Kuɗin da na ware ba zai ɗauki aiki biyu ba: ko dai in sa shokazoba masu sifirin da ake iya ɗagawa da saukewa, ko in sauya fatar birki da man birki, in haɗa da tayoyi huɗu masu kama kwalta. Ba na son a taɓa injin, domin da motar nake zuwa aiki. Da wanne kuka fara?

Mai Turbo: Wa alaikumus salam. Malam, motarka ƙarfin doki 200 kawai gare ta, kuma duk wanda ya tuƙa ta ya san yadda take sanyi a tsakiyar juyin inji. Ka sa mata turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, sauran abubuwan za su biyo baya.

Tsohon Bakanike: Bawan Allah ya faɗa da bakinsa cewa ba ya son a taɓa injin. Ɗana, ka fara da birki. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha ne zafin da yake jurewa ke raguwa. Man birki mai lambar DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idarsa 155 ce kawai. Idan ya tafasa a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ƙafarka za ta nutse har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Kada kuma ka zuba DOT 5 don lambarsa ta fi girma, na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka.

Na Gani Da Idona: Tunda an ambaci turbo, bari in faɗi abin da ya same ni. Wani mai gyara ya ɗora wa motata turbo, ya rantse mini cewa ya saita kwamfutar injin daidai, bai ce mini uffan ba game da na'urar sanyaya baƙin mai. Ranar da na shiga fili, ina cikin wata doguwar kwana ta dama fitilar baƙin mai ta ɗan kyafta ta mutu, kafin in kai miƙaƙƙiyar hanya na fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasan injin. Da aka kwance kwanon mai, ɓarɓashin ƙarfe ne ke ƙyalli a cikinsa. A doguwar kwana man yana taruwa gefe guda, famfo ya zuƙi iska, musamman idan tayoyin suna kama kwalta sosai kuma kwanon ba shi da shinge a ciki. Na koma wurin mutumin, ya ce tuƙina ne ya kashe injin, daga baya ya daina ɗaukar wayata. Har yau motar tana rufe da tamfol.

Mai Turbo: Allah ya mayar da alheri, amma laifin mai gyara ne, turbo ba ta yi maka komai ba.

Na Gani Da Idona: Wanda bai sayi sabon inji da kuɗin aljihunsa ba, magana tana yi masa sauƙi.

Kwana Casa'in: Mu dawo kan tambayar. Ni shokazoba na fara sawa, kuma kuɗinsu bai kai na tayoyi huɗu ba. Na sauke motar kaɗan, aka karkatar da saman tayoyin gaba ciki da kusan digiri 2, nan take gefensu na waje ya daina cinyewa.

Tsohon Bakanike: Shokazobar da ba ta kai kuɗin tayoyi huɗu ba, ba ta fili ba ce. Ta ƙwarai takan ninka haka, ban da kuɗin alaimen da dole a sake bayan an ɗaura ta. Araha ba ta ado, ɗana.

Kwana Casa'in: Baba, da girmanka, amma ka taɓa zagaya fili kana riƙe da sitiyari? Gyara daban, tuƙi daban.

Tsohon Bakanike: Ban taɓa ba. Sai dai motocin masu zagayawar a garejina suke kwana, a kan motar janwe ake kawo su.

Hajiya Mai MX-5: Kowannenku yana da gaskiyarsa, amma sabon shiga ba zai kai motar iyakarta ba a rana ɗaya, birkin ne zai fara gajiya. Ƙanena, ka ɗauki zaɓi na biyu, ka tafi da ma'aunin iska. Iskar taya tana hawa idan ta yi zafi, saboda haka ka auna da zarar ka fito daga fili, ka rage har ta dawo inda kake so. Ka yi zagayen ƙarshe a hankali don birkin ya huce, kuma idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya.

Ɗan Baya: Gyara mafi arha shi ne rage nauyi. Ni da na duba, abin da ya fi nauyi a motata shi ne mazaunin kujerar direba, kuma maganinsa azumin nafila.

Na Gani Da Idona: Ku yi ta dariya. Wa ya gaya wa yaron nan cewa yawancin inshorar hanya ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere? Ni sai da na kira su sannan suka nuna mini layin a cikin takardar, da ƙananan haruffa.

Kwana Casa'in: Inshora ma da sauƙi a kan kayan jabu. Na sayi fatar birki a kwali mai tambarin babban kamfani, tun safe ta fara wari da hayaƙi, da na cire ta fuskarta ta tsattsage tana zubewa a hannuna. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Idan na ɗauki zaɓi na biyu, shin tayoyi masu kama kwaltar ba za su jawo mini matsalar baƙin man da aka ambata ba?

Tsohon Bakanike: Kwana Casa'in, kwalin da ka saya, akwai lambar da ake tantancewa a jikinsa? Ka ɗauko hotonsa mu gani, domin makon jiya aka kawo mini irinsa.