Zubewar gashi da ƙarancin aidin: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai kitso, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha biyu ke nan ina kitso, kuma hannuna ya san bambancin gashin da kitso mai tsauri ya cinye, wanda yakan fara daga goshi da gefen kunne, da gashin da ya zube daga ciki. A watan jiya wata da nake yi wa kitso tun tana amarya ta zo mini, sai na tarar gashinta ya yi shara-shara ko'ina, ya bushe kamar ciyawar rani, kuma duk sa'ad da na ja matsefi sai ya fito da dunƙule. Da ta ɗaga kai, na lura da ɗan kumburi a ƙasan maƙogwaronta. Ta ce wata maƙwabciya ta gaya mata ƙarancin aidin ne, wato sinadarin da jiki ke samu daga abinci da gishiri. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ta kasance da shi.

Malamar makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam, Adda. Abin da kika kwatanta shi ne ya same ni, kuma gashin ba shi ne farkon alama ba, shi ne dai abin da ya fara tayar mini da hankali. Kafin nan na daɗe ina fama da kasala, bayan gida yana yi mini wuya, jikina yana ƙara nauyi ba tare da na ƙara ci ba, sannan a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da mutanen Marwa ke kwana a tsakar gida, ni mayafi nake ja. Ranar da na duba madubi na ga jelar girata ta ɓace ta ɓangarorin biyu, sai Goggo ta ce hannu aka sa mini, muka shiga neman taimako da sayen man gashi iri-iri har na kusan shekara guda.

Da na je asibiti aka ɗebi jinina, sakamako ya nuna TSH, sinadarin da ke zaburar da wata tsokar wuya ta yi aiki, ya hau, T4 kuma, wanda ita tsokar ke haɗawa, ya sauka. Likita ya zana mini hoton wata tsoka mai kama da malam-buɗe-littafi a gaban wuya, wadda ake kira tayirod, ya ce da aidin take haɗa sinadaran da ke tafiyar da aikin jiki, kuma idan aidin ya yi ƙaranci sai ta kumbura don neman ƙari, wanda shi ne maƙoƙo. Saiwar gashi na cikin masu jiran waɗannan sinadarai. Kowane silin gashi yakan yi shekaru yana tsiro, sannan ya huta kamar wata uku ya faɗi, wani ya maye gurbinsa; idan tayirod ta yi sanyi, da yawa sukan tafi hutu tare, sabo kuma ya yi jinkirin fitowa. Da ya tambayi irin gishirin da muke girki da shi, sai na tuna cewa shekara da shekaru manda da gishirin awo kawai muke amfani da su. Na sauya gishiri, an kuma ɗora ni a kan ƙwayar lebotiroksin, mai maye gurbin sinadarin tayirod, da ake sha da safe kafin a ci komai. A watannin farko zubar ta ƙaru har na so in daina sha, amma wajen wata na shida na fara jin ƙananan gashi a ƙarƙashin yatsuna.

Mai sayar da gishiri, Kusiri:
Malama ta taɓo wurin da ya shafe mu. Tun 1991 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Kamaru, amma ko gishirin da ya fito da aidin daga masana'anta yana iya rasa wani ɓangare nasa idan aka buɗe buhu aka bar shi a rana da laima makonni, kamar yadda ni ma nake yi a da. Yanzu na ƙulli nake ba masu girki shawarar su saya, su juye a gwangwani mai murfi nesa da murhu.

Uwar tagwaye, Njamena:
Ni tawa ta sha bamban, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa. Wata uku bayan na haihu gashina ya riƙa cika matashin kai, na kuma tabbata a raina aidin ne, domin an gaya mana a wurin awo cewa mai ciki da mai shayarwa suna buƙatar maikirogiram 250 a rana, alhali sauran manya 150 ya ishe su. Gwaji ya nuna tayirod ɗina lafiya lau take, jinina ne ya yi ƙasa. Da maganin ƙarin jini da haƙuri gashin ya dawo kafin yaran su fara tafiya.

Ma'aikacin jinya, Ngaundere:
Labarin uwar tagwaye ya yi mini daidai, domin abin da na fi gani a wurin aiki shi ne mutanen da suka yanke wa kansu hukunci kafin gwaji. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta riƙa shafa ruwan aidin na wanke ciwo a fatar kanta har ta ƙone. Wannan ruwa ba ya tsirar da gashi, kuma ba a shan sa. Aidin da ya wuce kima shi ma yana rikita tayirod, tayirod da ke aiki fiye da ƙa'ida kuma tana zubar da gashi kamar wadda ta yi sanyi. Akwai ma masu ciwon Hashimoto, wanda garkuwar jiki ce ke cin tsokar, ƙarin aidin ba zai gyara su ba.

Duk da haka yankinmu yana da dalilin yin hattara. Muna nesa da teku, kifin Lagdo da na Tafkin Chadi na ruwan daɗi ne, bai kai na teku aidin ba, sannan gero da rogon da ba a jiƙa sosai ba suna ɗauke da abubuwan da ke hana tayirod cin moriyar ɗan aidin da ta samu. Ƙwai da madara suna taimakawa. Ba a kuma ce a cika gishiri a miya ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a rana. Hajiya, kumburin wuyan da kika gani ya isa dalilin zuwa asibiti ko da gashin bai zube ba.

Mai kitso, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka jiya da daddare, sai ta ce ita ma jelar girarta ta ragu, da gazal take cike wurin. Ta amince za ta je gwajin jini ranar Litinin, ni kuma na kwance mata ƙananan kitson na yi mata manya guda huɗu marasa tsauri. Malama, ko gwajin TSH ɗin sai da azumi ake zuwa?