An sake tsawaita kulle: in ci bashin tallafi ko in sallami yarana? (Tattaunawa daga watan Mayun 2020, lokacin kullen annobar korona)

Mai Wanki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ya ɗaure, barci ma ya gagara.

Ina da wurin wanki da guga. Mun fara ne ni da ƙanin matata, da injin wanki irin na gida guda ɗaya da dutsen guga biyu, bayan kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata. Daga baya ya zare hannunsa na biya shi kasonsa a hankali, wanda shi ma dogon labari ne, don har gobe akwai dangin da ke ganin na ture shi, alhali shi da bakinsa ya ce ya gaji da tsayuwa a kan guga. Allah ya sa wa abin albarka, yau ina da ma'aikata shida. Yawancin cinikina daga otal biyu ne da wani zauren taro: zannuwan gado, tawul, mayafan tebur. Ragowar kuma kwat da rigunan ma'aikatan ofis. A watan Janairu ɗaya daga cikin otal ɗin ya ce zai ƙara min aiki, sai na ɗauko babban injin busarwa a kan biya kaɗan-kaɗan. Ko ledar da ke jikin ƙofarsa ban gama ɓarewa ba aka sa dokar kulle.

Da farko an ce ɗan lokaci ne, muka daure. Aka ƙara. Jiya kuma aka sake ƙarawa. Watan farko na biya albashi cif, na biyu rabi, yanzu asusun ya kusa ƙarewa. An buɗe shirin rancen tallafi ga ƙananan sana'o'i, sharaɗinsa kada ka sallami kowa. Na cike takardu, an ce na cancanta, saura sa hannu. To in karɓa in riƙe yaran har a buɗe, ko in sallame su in rufe in jira? Kuma waɗanda ke bin labarai, kuna ganin wannan ne ƙarin ƙarshe?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don girman Allah kada ka sallame su. Maigidana shekara da shekaru yana wa wani kamfani aiki, saƙon waya kawai aka turo masa da daddare wai kada ya fito gobe. Ko kiran mutunci babu. Hular kamfanin tana nan rataye a bayan ƙofa, kullum yaran sai sun tambaya yaushe Baba zai koma. Ba ka san halin da gida ke shiga ba idan aka yi wa mutum haka. Karɓi rancen, Allah zai buɗa maka.

Tsohon Akanta:
Ƙanena, ka ba mu tarihin surukinka da ledar inji, amma abin da ake buƙata ba ka faɗa ba. Rancen na wata nawa ne? Yaushe za a fara biya? Da sunan kamfani ne ko da sunanka? Akwai jingina? Nawa ne kuɗin haya idan aka gwada da albashi? Ba a yanke shawarar bashi da tausayi, da alƙalami ake yi.

Kafin ka amsa ga ra'ayina: kada ka sa hannu. Kai matsalarka ba dokar kulle ba ce, kwastoma ne babu. Ko gobe da safe aka ce kowa ya buɗe, wa zai kwana a otal ɗin da zai ɓata maka zanen gado? Wa zai sa kwat alhali yana aiki da kwamfuta daga falonsa? Dubi Suwidin. Ba su kulle ƙasa ba, gidajen abinci da shaguna na buɗe, amma tun tsakiyar Maris kamfanin jiragen SAS ya dakatar da ma'aikata har 10,000, kusan kashi 90 cikin 100 na mutanensa. Ba doka ce ta rufe shi ba, matafiya ne suka ɗauke ƙafa. Kai kuma sana'arka tana rataye ne a wuyan matafiyi.

Batun ko wannan ne ƙarin ƙarshe, cire shi daga ranka. Indiya ta sa kulle na kwana 21 daga 25 ga Maris, aka kai shi 3 ga Mayu, yanzu an tura 17 ga Mayu. Singafo ta tura nata zuwa 1 ga Yuni. Duk wanda ya ce maka ya san ranar ƙarshe, tatsuniya yake maka.

Mai Wanki:
Na gode Yaya. Amma manajan otal ɗin ya tabbatar min da zarar an buɗe ni za su fara kira. Mutumin kirki ne, bai taɓa saɓa min ba. Kuma yaran nan ba kwashe su na yi a titi ba. Akwai wanda idan ya goge farar riga ko ƙyallin dutse ba za ka gani a wuyanta ba, shekaru na yi ina koya masa. In na sake shi wani zai ɗauke.

Tsohon Akanta:
Wa zai ɗauke shi a wannan yanayin? Kowa sallama yake. Kuma har yanzu ba ka amsa ko ɗaya daga tambayoyina ba. Shi manajan, ka tabbata yana da aikinsa nan da wata uku?

Direban Haya:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, a buɗe gari kawai. Ghana ta ɗage nata kullen tun 20 ga Afrilu bayan mako uku, sama ba ta faɗo ba. Jamus ma a ranar ta bar ƙananan shaguna suka buɗe. Masu cewa a ƙara wa'adi duk masu albashi ne, ƙarshen wata na yi wayarsu za ta yi ƙara. Motata tana ajiye har batir ya mutu, mai motar kuma kullum sai ya kira yana tambayar balas kamar bai san me ake ciki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da kanta ta ce mutum biliyan 1.6 masu aikin neman na yau da gobe na cikin haɗarin rasa abin yi. Yunwa ma ai kisa take.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam direba, ni mai albashi ce, amma zo ka karɓi aikina na dare ɗaya. Takunkumin da aka ce a jefar bayan amfani ɗaya shi muke rataye wa mu sake sakawa, fuskata duk ta yi shaida. Ba wanda ke jin daɗin kulle. Amfaninsa shi ne kada marasa lafiya su zo a lokaci guda su fi ƙarfin gadaje da iskar oksijin, kamar yadda aka gani a Lombardiya ta Italiya a watan Maris.

Kuma ɗage doka da wuri yana iya zama aiki biyu. Tsibirin Hokkaido na Japan ya ayyana dokar ta-ɓaci a ƙarshen Fabrairu, ya ɗage ta 19 ga Maris da ya ga abin ya lafa, kafin wata ya cika sai da aka mayar da ita. A annobar murar 1918, birnin Filadelfiya na Amurka ya bar jama'a kimanin 200,000 suka fito fareti a ƙarshen Satumba, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil. Jamus da ka ambata ba haka kawai ta buɗe ba, gwaji take yi da yawa tana bin sawun masu cutar. Mai Wanki, wanne ya fi maka: a ƙara maka wata guda a buɗe gaba ɗaya, ko a buɗe ka sayo sabulu ka kira yara, a sake rufewa?

Direban Haya:
Anti, Allah ya saka muku, ba da ku nake ba. Amma wanda ya ce in zauna a gida sai ya ba ni abin da zan ci.

Tsohon Akanta:
A nan direba ya yi gaskiya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tallafi iri biyu ne, mutane na haɗa su. Akwai wanda gwamnati ke ɗaukar albashin a kanta. Birtaniya na biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka zaunar a gida, har fam 2,500 a wata. Jamus na da tsarinta na rage sa'o'in aiki gwamnati ta cike wani kaso na giɓin, da shi suka tsallake rikicin tattalin arziki na 2009. Irin wannan in aka ba ka, karɓa da hannu biyu. Akwai kuma rance, wanda ma'anarsa gwamnati ta rufe maka shago sannan ta ce kai za ka ci bashi ka ciyar da waɗanda ta hana aiki. Na Amurka ma da ake ta yabo, sai ka kashe kashi 75 cikin 100 a kan albashi cikin mako takwas kafin a yafe maka. Idan mako takwas ya wuce kwastoma bai dawo ba fa? Ka koma inda kake, sai dai ka sayi lokaci. Naka kuwa ko maganar yafiya ban ji ka yi ba.

Abin da zan yi in ni ne: in tara yaran in gaya musu gaskiya, in riƙe biyu mafi ƙwarewa a kan rabin albashi, huɗu in sallame su da ɗan abin da ya samu da alƙawarin su ne farkon kira. In je wurin masu injin in nemi su ɗaga min biya ko su karɓi kayansu. In zauna da mai gidan haya tun kafin ya zo nema na.

Mai Aski:
Kai har ka samu an ce ka cancanta! Ni bankina cewa suka yi takarduna ba su cika ba, na kawo, suka ce shafin ya tsaya, na dawo suka ce an rufe karɓa. Ko'ina haka ne, mai uwa a gindin murhu shi ke ci. A Amurka dala biliyan 349 aka ware a zagayen farko, ba a yi mako biyu ba ta ƙare, sai ga shi kamfanin gidajen abinci na Shake Shack mai rassa birjik ya samu miliyan 10, sai da aka yi ca a kansa ya mayar. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers ma ta samu ta mayar. Wai ƙananan sana'o'i! Karɓi abinka malam, in ka bari wani mai ƙaton ciki ne zai haɗiye.

Ɗalibin Ilimi:
Ba wanda ya tambayi ko akwai kuɗin ruwa a ciki. In akwai, a nemi fatawa tukuna kafin a yi maganar riba da asara.

Mai Wanki:
Akwai ɗan kaɗan, amma sai bayan shekara ake fara lissafa shi. Zan tambayi malamai. Yaya Akanta, maganar mayar da inji ba ta taso ba, na riga na biya kusan kashi ɗaya cikin uku, in suka karɓa duk ya bi ruwa. Kuma lokacin da na saya kowa ya ce dabara ce, wa ya san za a yi annoba? Sai 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira ta annobar duniya, ni kuwa tun Janairu na sa hannu. Mai gidan haya kuma kawun matata ne, ba zan iya zuwa ina masa kukan babu ba, bayan abin da ya faru da ƙaninta.

Tsohon Akanta:
Wuhan ta ƙasar Sin, inda aka fara ganin cutar, tun 23 ga Janairu aka rufe ta, amma bar wannan, ba laifinka nake nema ba. Abin da ka biya ya riga ya tafi ko ka riƙe injin ko ka mayar. Tambayar ita ce kashi biyun da suka rage, daga ina? Kuma kawun matarka ya fi banki sauƙin roƙo nesa ba kusa ba. Kana jin kunyar suruki amma ba ka jin tsoron bashi. Na sake tambaya: da sunan wa rancen yake?

Maman 'Yan Biyu:
Baba Akanta, da sauƙi a ce a sallami huɗu a rubuce. Kowane ɗaya akwai bakuna a bayansa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ka gwada neman aikin asibitoci da wuraren killace masu cutar mana. Zannuwa da rigunan aiki sun yi mana yawa, injin busarwarka zai samu abin yi. Sai dai akwai ƙa'ida: ruwan zafi sosai, a raba wurin kaya masu datti da masu tsabta, ba a kakkaɓe su, ma'aikata kuma da safar hannu da takunkumi.

Mai Wanki:
Anti na gode, amma ba zan sa yarana taɓa kayan masu korona ba. Ɗaya yana da asma. Kuma in labari ya kai otal cewa injina ya wanke kayan asibiti, shi ke nan na rasa su.

Mai Aski:
To ka riƙa zuwa gida-gida kana karɓar wanki a ƙofa. Ni ma da jakata nake zagayawa, a bar kaza cikin gashinta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam mai aski, kana shiga gidajen mutane kana taɓa fuskokinsu, sannan ka zo nan kana faɗa? Irin ku ne ke sa ana ƙara wa'adin da kuke kuka da shi.

Mai Aski:
Anti, ki biya min haya in zauna.

Mai Wanki:
Don Allah a bar faɗa. Yaya Akanta, da sunana ne, kuma sun ce in kawo mai tsaya min. Matata ta ce za ta tsaya da takardar albashinta. Ni dai ina ganin in aka buɗe ko da rabin cinikin da ne ya dawo zan iya biya, na yi lissafin a raina. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu.

Tsohon Akanta:
Albashin da gidanku ke ci da shi yanzu, shi za ka kai jingina? Lissafin da ka yi a rai, sauke shi a takarda ka turo nan: haya, albashi, biyan inji, wuta da ruwa, sannan ka sa ciniki kashi ɗaya cikin huɗu maimakon rabi, mu gani.

Direban Haya:
Wai akwai wanda ya ji ko wannan karon za a bar motocin haya su fita da fasinja biyu? An ce an faɗa a rediyo amma ban ji da kunnena ba.

Mai Wanki:
Zan duba in turo in sha Allah. Amma kashi ɗaya cikin huɗu ya yi kaɗan, Yaya, ba ka san otal ɗin nan ba.