Kyanwata na gaigayar ƙafafun kujerun aurena, ina mafita?

Amarya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin maigida ya yanke hukunci. Ɓeraye ne suka addabe mu a gidan da muke haya, sai maƙwabciyata ta ba ni 'yar kyanwa, yanzu tana cikin wata na 5. Ɓera kam ya yi sauƙi, amma ta koma wa kayan ɗakina. Ba yaƙushi ba fa, da haƙori take gaigaya. Kujerun da iyayena suka yi min ne, tun daga Kano aka ɗauko su, yau ƙafar teburin tsakiya kamar raken da aka tauna aka yar. Ni da maigida ƙarfe 6 na safe muke fita, gosulo ba ya barin mu dawo sai bayan isha'i, ita kaɗai ke wuni a falo. Na tsawata, na make ta da tsintsiya, a banza. Wata ta ce in shafa wa katakon barkono ko kananzir. Shi kuma ya ce a sa ta a buhu a kai bayan kasuwa a saki. Ni dai na saba da ita.

Hajiya, Obalende:
Wa alaikumus salam 'yata. Famfara take yi, ba iskanci ba ne. Na fi shekara 20 ina kiwon mage. Haƙoran nono 26 gare su, daga wata 3 zuwa 4 suke fara zuba, manya 30 su maye gurbinsu, wajen wata 6 zuwa 7 an gama. Dasashinta ke ƙaiƙayi, kamar jaririn da ke cusa komai a baki. Ɗaga leɓenta ki duba, za ki ga wurin ya yi ja, wataƙila har da giɓi.

Ki ba ta abin taunawa nata. Ni tsohon tawul nake yankawa, in ƙulla shi tam, in jiƙa, in sa a firji ya yi sanyi, idan an ci sa'a akwai wuta. Kwali mai kauri ma suna so, ga shi nan birjik a shaguna. Duk sanda kika ga ta nufi kujera, ɗauke ta ki miƙa mata tawul ɗin. Tsintsiya kuwa ki ajiye. Mage ba ta haɗa duka da laifi, abin da za ta koya kawai shi ne ta jira ki fita.

Baba kafinta, Mile 12:
Amarya, bari in yi magana ta ɓangaren sana'ata. Katakon bai fi ba ni tsoro ba kamar abin da ke jikinsa. Akwai banish, akwai fenti, wasu kuma suna jiƙa katako da maganin gara ko baƙin mai kafin su haɗa. Duk wannan take lasa. Ga sartse, zai iya maƙale mata a dasashi ko ya wuce ciki. Ki sayi igiya mai kauri ki naɗe ƙafafun tam tun daga ƙasa, ko ki sa mai aikin famfo ya tsaga miki bututun roba ki rufe su na wata biyu. Gyara kuma kada ki yi yanzu, asarar kuɗi ce. Bari ta gama, sai a goge da samfefa, a cike ramukan da garin katako da gam, a sake banish. Surukarki ma ba za ta gane ba.

Ɗan Alaba Rago:
Hhh, magen Legas ke nan, ita ma tsadar rayuwa ta sa ta koma cin katako. Ki shafa barkonon kawai, sau ɗaya za ta gwada.

Anti nas, Idi-Araba:
Haba malam, a'a. Mage da hannunta take wanke fuska, barkonon a idonta zai ƙare. Kananzir kuwa guba ne, haka fiya-fiya da Sniper. Kuma ko kin ga tana jin zafin baki, kada ki kuskura ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Idan wari kike so ya kore ta, ajiye ɓawon lemo a gindin kujerun, yawancinsu ba sa son ƙamshinsa, sai dai kullum za ki sabunta.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne awa 14 ko fiye ita kaɗai a rufe. Ko mutum ne zai ci kujera. Ki kulle falon, ki bar ta a baranda ko wani ɗaki da ruwa, abinci, kwandon yashi da kwalinta. In kin dawo, ko minti 10 ne, ki ja mata tsumma a ƙasa ta yi ta farauta har ta gaji. Amma ki lura: gaigaya take ta tofar, ko haɗiyewa take? In tana haɗiyewa, ko tana amai, ko ta ƙi abinci, ko ta wuce wata 7 ba ta daina ba, sai likitan dabbobi. Dama ya kamata a ba ta maganin tsutsar ciki da allurar ciwon haukan kare.

Malam, Agege:
A gaya wa maigida ya yi haƙuri da batun buhu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, sananne ne. Wannan kuwa 'yar ƙarama ce da ta saba da kwano, a bayan kasuwa karnuka za su riga ta samun abinci. In ta gagara, a nemi mai so a ba shi.

Amarya, Agege:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, kin yi gaskiya, da nake shara yau na tsinci haƙori ƙarami kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin tebur. Na nuna wa maigida, ya yi dariya, ya ce an ɗaga mata ƙafa zuwa wata biyu. Ba ta haɗiyewa, tofarwa take. Baba kafinta, igiyar nan ta rama ce ko ta leda? Don naɗa ta ledar da na yi jiya, da safe na tarar ita ma ta fara ci.