Neman shawara: wane mai ya dace da injin sassaƙa ƙarfe na hannu?

Tambaya daga Sabon Gari:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Na buɗe ƙaramin shago a Sabon Garin Zariya da tsohon injin sassaƙa ƙarfe na hannu wanda ba shi da famfon zuba ruwa. Yawancin aikina sandunan injin niƙa ne da na ban ruwa, sai tagulla da alminiyam jefi-jefi. Baƙin man mota nake ɗigawa kamar yadda na ga ana yi, amma hayaƙi yana cika shagon, bakin wuƙar da injin yake yanka ƙarfe da ita yana saurin dakushewa, fuskar aikin kuma ba ta fita sumul. Wane mai ya kamata in saya?

Amsa daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara ajiye baƙin man nan, domin cike yake da garin ƙarfe da dattin ƙonuwa, ba ya ɗauke zafi, kuma yawan taɓa shi da shaƙar hayaƙinsa yana cutar da fata da huhu. Ga sandunan ƙarfe, ka nemi man da ake sirkawa da ruwa, wanda yake komawa fari kamar madara. Gwangwani 1 na mai a gwangwani 20 na ruwa ya isa aikin yau da kullum, idan aikin ya yi nauyi ka mayar da shi 1 a cikin 10. Man ake zubawa a cikin ruwa ana motsawa, ba ruwa a cikin mai ba, in ba haka ba haɗin ba zai kama ba. Ruwan ne yake sanyaya wuƙar, wadda, in ta ƙarfen yanka da aka saba ce (HSS), taurinta yana fara gushewa idan zafi ya doshi digiri 600 a ma'aunin Celsius. Da ka ga ɓarɓashin ƙarfen da ake yankewa yana fitowa shuɗi, ka rage gudun injin.

Amsa daga Samaru:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Injin da ba shi da famfo da tiren tara ruwa, farin man nan yana kwanciya a kan gadonsa, wato dogon ƙarfen da mariƙin wuƙa yake zamewa a kai, ya jawo tsatsa, kuma a zafin watan Afrilu, idan ya kwana biyu ba a motsa shi ba, zai yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ni a ganina, ɗan'uwa, ka sayi man yanka tsantsa wanda ba a sirkawa, ka riƙa shafawa da buroshi, musamman wajen yanka tiredi, wato zaren da ake ɗaura noti a kai, da datse ƙarfe. Ka lura cewa mai ɗauke da farar wuta yana baƙanta tagulla da jan ƙarfe.

Amsa daga wani dattijo a Kwangila:
Yaro, ba kowane ƙarfe ne yake son mai ba. Tagulla a bushe ake sassaƙa ta, haka ma ƙarfen zubi, wanda garinsa idan ya haɗu da mai yakan zama baƙin kwaɓi mai cinye gadon inji. Alminiyam kuwa kananzir kaɗan ya ishe shi, don kada ya manne a bakin wuƙa, amma ka nisanta shi da wurin walda. Idan wuƙarka mai bakin kabayid ce, wato wani ɗan guntu mai tsananin tauri da ake ɗora wa bakin wuƙa, ko dai ka kwarara ruwan haɗin ba yankewa, ko ka bar ta a bushe, domin ɗigo jefi-jefi yana tsattsaga ta. Da hunturu kuma ka share gadon, ka shafa masa mai mai tsabta, ka rufe injin kafin ka tashi, saboda ƙura.