Salon da burauza ke zuwa da shi: sharewa kuke yi ko gyarawa?

Daga Runjin Sambo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ma wani mai sana'ar fata shafin intanet. Ban rubuta CSS (harshen tsara kamannin shafi) ko layi guda ba, amma ga wani farin fili ya kewaye shafin, maɓallai kuma kamanninsu daban a Chrome da Firefox. Ku da kunka daɗe cikin aikin ga, da mi kuke farawa?

Daga Mabera: Wa alaikumus salam ƙanena. Filin nan 8px ne (px ma'aunin girma ne a fuskar na'ura) da burauza ke ba body, wato jikin shafin, da kanta, kamar yadda take sa rubutu a 16px. Ni tun ina koyo nake ɗora fayil ɗin share salon burauza na Eric Meyer na 2011 a saman CSS ɗina. Yana mai da margin da padding (tazarar waje da ta ciki) sifili, ya daidaita girman kanun rubutu, ya cire ɗigon jeri. Daga nan duk tazarar da ka gani kai ka sa ta.

Daga Arkilla: Malam, ni na bar wanga tsari. Na karɓi aikin wata makaranta da anka share komi ba a mai da ba. Malamai na liƙa sanarwa, kanun sanarwar da jikinta duk girma ɗaya, jerin sunayen ɗalibai ba lamba. Abin da ya fi damuna, an kashe zoben da ke nuna inda kake in kana tafiya da maɓallin Tab, alhali akwai malamin da hannunsa ke rawa, da allon maɓallan kwamfuta (keyboard) kaɗai yake aiki. Yanzu fayil ɗin normalize.css na Nicolas Gallagher nake sawa, don yana barin abin da ke da amfani, ya daidaita saɓanin burauzoji kawai.

Daga Gawon Nama: Nawa gajere ne: box-sizing: border-box ga komi (faɗin abu ya haɗa da padding da iyakarsa), max-width: 100% ga hotuna (kada su wuce faɗin mazauninsu), font: inherit ga maɓallai da gurabun cikewa (su gaji siffar rubutun shafi). Na ƙarshen ga ya fi muhimmanci gare mu, don maɓalli ba ya gadon rubutun shafi, sai ka ga ƙ da ɗ sun fito da wata siffa a kansa.

Daga Mabera: Gaskiyarki Hajiya. Mai tambaya, in da shiryayyun kayan CSS irin Bootstrap ko Tailwind kake aiki, sun zo da nasu gyaran salon burauza, kada ka ƙara wani bisa.

Daga Runjin Sambo: Da hannu nake rubutawa. Hajiya, layukan nan ukku a saman fayil za su zauna?